Mutum Uku Na Ƙirga

Shekaru sun ja baya yanzu, amma har yau in na tuna abin nan sai in ji kaina ya sake ɗaurewa kamar jiya ya faru. Lokacin ban daɗe da kama aiki ba a wani ƙaramin kamfanin taranzi a nan Zangon Kwatano, irin masu fito wa mutane da motoci daga por, wato tashar jiragen ruwa, su yi musu takardun duwan, wato kwastan, su sa su hanyar Nijar. A takardar ɗaukata aiki an rubuta da Faransanci mai kyau cewa ni ne shugaban sashen kwamfuta. Sashen kuwa, ni ne shugaba ni ne mabiyi. Kwamfuta huɗu ce, da firinta ɗaya mai taurin kai, da akwatin imel guda wanda duk biro, wato ofis ɗinmu, ke aiki da shi. Fanka ta tsaya, ni ake kira. Wayar Alhaji ta ƙi yin ƙara, ni ake kira. Har rediyon maigadi an taɓa kawo min, na kuma karɓa na buɗe shi, don kada a ce ban iya ba.

Abokina ne ya samo min aikin. Tare muka tashi, layinmu ɗaya, makarantar allonmu ɗaya, lakwal ma, wato makarantar boko, benci ɗaya muka zauna. Ya riga ni shiga gidan da shekara shida, shi ne mai zirga-zirgar por da duwan, babu takardar motar da ba ta hannunsa take bi ba. Da na gama karatuna a jami'ar Kalabi na dawo ina zaman kashe wando, shi ya kama hannuna ya kai ni gaban maigidansa ya ce, “Baba, wannan ɗan'uwana ne. In ya yi ba daidai ba, ni za ka kama.” Akwai wata mai shinkafa da wake da ke ajiye tukunyarta a ƙofar biro kullum da rana. Ba ta ma tambayarmu. Tana hango mu za ta zuba mana a kwano ɗaya, ta soka cokali biyu.

Maigidan namu, wanda kowa ke ce wa Baba Alhaji, ba ɗan boko ba ne. Mai masauki ne ɗan mai masauki. Tun zamanin kakansa fataken arewa a gidansu suke sauka, daga masu goro, zuwa masu atamfa, har aka zo kan masu motoci. A bayan biro akwai magaze, wato ɗakin ajiyar kayan baƙi. Na sha ganin tsohon baƙo ya iso daga Maraɗi ko Gaya, ko ruwa bai sha ba, ya zaro makulli daga aljihun rigarsa ya buɗe magazen ba tare da ya tambayi kowa ba. Na gani da idona ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa sa shi a kaina ba. Ni a wurina wannan harkar tsofaffi ce, ba ruwanta da kwamfuta.

Da na zo, na tarar kalmar sirrin akwatin imel, wadda a nan muke ce wa modepas, an rubuta ta da jan alƙalami an manna a bango kusa da kalanda. Na yi salati. Na yage takardar, na sa sabuwa mai wuya, na shigar wa sakatarori biyu da kaina a kwamfutocinsu ba tare da sun gan ta ba. Mutum biyu kawai na faɗa wa: Alhaji, don gidansa ne, da abokina, don yakan buɗe akwatin a wayarsa in yana por. Na kuma so in sa tsarin nan da sai an turo lamba a wayar mutum ɗaya kafin a shiga. Alhaji ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Wato in mai wayar ya shiga banɗaki, aiki ya tsaya ke nan? A'a, injiniya, bar mana abinmu haka.” Na bari. Amma ina tafe ina hura hanci, gani nake na gama da ɓarayin duniya.

Ranar da abin ya fara, lokacin kamfen ne, 'yan zem, wato masu acaɓa, sun cika titi da hon, kowanne ya ɗora rigar ɗan takara a kan tasa. Wajen hantsi wani mutum ya shigo biro da fara'arsa, ya ce shi malamin makaranta ne daga Kalabi, ya zo ɗaukar motarsa. Muka kalli juna. Wace mota? Ya zaro takardu daga jaka ya shimfiɗa a tebur. Ga hoton wata farar mota da muka fitar satin da ya wuce, tana ajiye a filin motoci na hanyar Seme tana jiran direba. Ga takardunta da hatiminmu. Ga saƙonni da suka fito daga adireshin imel ɗinmu, namu na gaske, babu ko harafi ɗaya da ya bambanta. An sayar masa da motar, ya tura kafin alƙalami ta waya, an ce ya zo biro ya karɓi makulli. Motar kuwa ta wani baƙon Alhaji ce ɗan Damagaram, kuma mu ba ma sayar da mota, fito da ita kawai muke yi.

Bawan Allahn nan da ya gane, sai ya zauna a ƙasa, ba a kujera ba, a ƙasa. Ni kuma duk biro aka juyo ana kallona, don ai ni ne shugaban sashe.

Na shiga akwatin na duba saƙonnin da aka aika, babu komai. Na leƙa kwandon shara, sai ga guda ɗaya da aka manta ba a goge ba. Na duba inda ake nuna su wa suka shiga, na ga jerin wayoyi da lambobi, wasu na ƙasar nan, wasu na Nijar. To amma abokina kan raka motoci har Malanbil da Gaya, Alhaji ma yakan yi tafiya. Wanne ne namu, wanne ne na ɓarawo? Oho. Na ƙura wa allon ido ina gyaɗa kai kamar mai fahimta, alhali wallahi ban gane komai ba.

Aka raka malamin komisariya, wato ofishin 'yan sanda, aka kai ƙara. Ni kuma na canza modepas, na sake faɗa wa Alhaji da abokina. Na bi kwamfutocin nan huɗu na wanke su tas. Garin wanki na goge wa sakatariya ɗaya hotunan bikin ƙanwarta, ta yi sati ba ta amsa gaisuwata. Na tsaya gaban Alhaji na bugi ƙirji na ce, “Baba, an gama. Ƙofar da suka bi na toshe ta.”

Kwana goma sai ga wata mata daga Godome, ita da mijinta, da takardun wata motar daban.

Na sake canzawa. Wannan karon na haɗa haruffa da lambobi da alamomi, abin da ni kaina sai na yi ta maimaitawa kamar hadda kafin ya zauna. Alhaji ya sa na karanta masa sau uku, ya rubuta da ajami a ɗan littafinsa na aljihu. Ba a yi sati biyu ba aka sake. Amma na ukun nan shi ya fi ciwo, don ba mai saye ne ya zo ba. Mai motar ne da kansa ya kira daga Maraɗi, wani ya nuna masa hoton motarsa ana tallarta. Ina zaune ina jin muryarsa tana fitowa daga wayar Alhaji: “Alhaji, abin da nake ji gaskiya ne? A gidanka ake sayar da kayan baƙo?” Ban taɓa ganin fuskar tsohon nan ta canza irin na ranar ba. Shekara nawa gidansu yana riƙe amana, yau ga abin da ake tambayarsa.

Bayan azahar ya kira mu ɗakinsa, ni da abokina, da ƙaninsa da ke da hannun jari a kamfanin. Ƙanin ne ya yi tambayar. Ya ce, “Kai injiniya, bar mu da dogon Faransanci. Wannan modepas ɗin, mutum nawa suka san shi?”

Na ce, “Uku.”

“Su wa?”

“Ni, da Baba, da shi.”

“Kwamfutocin lafiya suke?”

“Lafiya lau, na wanke su.”

“To ta ina ake shiga?”

Ban ce shi ne ba. Wallahi tallahi bakina bai faɗa ba. Amma na ɗaga kai na kalle shi, kuma duk wanda ke ɗakin ya ga na kalle shi. Shi ma ya gani. A raina lissafin mai sauƙi ne: ni na san ba ni ba ne, Alhaji kuwa ba zai saci kayan baƙinsa ba, kuma ko a mafarki ba zan iya buɗe baki in yi wa dattijo irinsa tambayar ƙure ba. Saura wa? Saura wanda takardun ke bi ta hannunsa, wanda ke yawo da akwatin a wayarsa, wanda ke tsallaka iyaka.

Abokina ya ce, “Baba, ni ake nufi?”

Alhaji bai kalle shi ba. Ya ce, “Ba wanda ya ce kai ne. Amma ka je gida ka huta tukuna, har Allah ya bayyana gaskiya.”

Duk wanda ya san Zango ya san ma'anar wannan hutun. Kafin magariba maganar ta kai bakin masallaci. A unguwarmu kowane ɗan taranzi ya san kowane, kuma in aka taɓa cewa hannunka ba shi da kyau, shi ke nan, babu maigidan da zai sake ba ka ko takardar keke. Ga shi da mata da yara biyu, da tsohuwarsa a ɗaki. Ya ajiye jakar takardu a tebur, ya fita. Washegari da rana mai abinci ta ɗauko cokali biyu, ta leƙa bayana, ta mayar da ɗaya.

A gida mahaifiyata ta riga ni jin labari. Ina shiga ta ce, “Zo nan. Kai ka gan shi da idonka?”

Na ce, “Inna, ba a ganin irin wannan da ido, na'ura ce ke nunawa.”

“Na'urar ta kira sunansa?”

“Ba ta kira ba, amma lissafi...”

“Lissafin gidanku! Yaron da ya ci tuwo a ɗakin nan, ya kai ka inda kake cin abinci?” Ta juya min baya ta ci gaba da tankaɗe. Na shiga ɗaki ina faɗa wa kaina ai tsohuwa ce, ba ta san kwamfuta ba.

Na sa sabon modepas, yanzu mutum biyu suka sani, ni da Alhaji. Na ce to, mu gani. A ƙasan raina, Allah ya yafe min, addu'a nake kada a sake shiga, don in ba a sake ba, na yi daidai ke nan.

Kwana shida aka shiga.

Jama'a, a nan ne kaina ya kulle gaba ɗaya. Na goge wayata na mayar da ita kamar sabuwa. Na cire wayoyin bayan kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya ina leƙa ramukan, ban ma san abin da nake nema ba. Na hau kujera na duba silin ko an ɓoye kyamara. Na fara zargin firinta. Har mahaifiyata na tambaya ko ina magana cikin barci, ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, “Munshari dai kake, shi ma ko an saya ba zai buɗe komai ba.” Wani abokin karatuna da na kira ya jero min sunayen cututtukan kwamfuta har na ji jiri. Maigadi ya ce a kawo malami ya yi tofi a biro, na yi masa dariya a fili, a ɓoye kuwa na ce da ma a kawo. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu, ko a lokacin ban wanke abokina ba. Cewa na yi ƙila ya dasa wani abu kafin ya tafi. Na riƙe wannan zargin gam, don sakinsa na nufin in yarda na zalunce shi.

Ranar wata Laraba bayan la'asar na sake canza modepas, karo na biyar ke nan. Na shiga na karanta wa Alhaji, ya rubuta a littafinsa, na yi masa sai da safe. Har na hau babur sai na tuna na bar hular kwanona a ɗakinsa. Na dawo, ina shirin yin sallama, sai na ji yana magana. Ya kara wayar a bakinsa yadda tsofaffi ke yi in za su tura saƙon murya.

“Salamu alaikum, Alhaji, ina gajiya, ina iyali, yaya ruwa a wajenku? To, madalla. Makullin biro ne yaron nan ya sake canzawa. Ka yi haƙuri, ba don kai ba ne, ɓarayi ne suka dame mu. Ga sabon nan, saurara da kyau. Babban baƙi na farko...”

Ya karanto shi tiryan-tiryan, harafi bayan harafi, har da alamar da na sha wuya kafin na koya masa sunanta. Ya saki, ya dangwala wani suna, ya sake farawa daga sallama.

Ban san lokacin da na faɗa ɗakin ba. “Baba! Me kake yi?”

Ya ɗago a natse. “Ina sanar da masu makulli.”

“Waɗanne masu makulli?”

Ya dube ni kamar na tambaye shi ina alƙibla. Ya ce tun zamanin mahaifinsa, baƙon da ya daɗe yana sauka a gidan nan, aka ci aka sha, aka ga halinsa, makullin magaze ake yanka masa ya tafi da shi garinsu. In kuwa aka canza kwaɗo, dole a aika wa kowannensu sabo kafin ya zo. Ya ce, “Mutum ya taso tun daga Maraɗi, ya sa makullinsa ya ƙi buɗewa, me ka ce masa ke nan? Ka ce masa ɓarawo. Kai da bakinka ka ce min wannan akwatin a cikinsa takardun motocinsu suke. Kayansu ne. Yaya zan kulle wa mutum kayansa in hana shi makulli?”

“Baba, tun yaushe?”

“Tun ranar da ka yage takardar bango. Da can ai in sun zo suna gani da kansu.”

“Amma ranar da aka tambaye ni na ce mutum uku, kana zaune!”

“Na ɗauka ma'aikata ake ƙirgawa. Waɗannan ai ba a sa su a zargi, mutanen babana ne. Kuma kai ba ka tambaye ni ba.”

Na nemi kujera na zauna. Ban tambaye shi ba. Na hau silin, na zargi firinta, na bincike barcina, amma ban yi wa mutumin da ke zaune gabana tambaya guda ɗaya ba.

Na roƙe shi ya nuna min su. Mutum tara ne. Muka bi su ɗaya-ɗaya. Yawancinsu tsofaffi ne da ba su taɓa buɗe imel ba a rayuwarsu, sukan dai amsa da murya, su yi godiya, su yi addu'ar Allah ya tona asirin ɓarayi. Sai muka zo kan wani mai hoton dattijo da farin rawani. Shi babu murya ko ɗaya daga wajensa. Duk saƙon da aka tura, a rubuce ake amsawa da kalma biyu: amin, nagode.

Na ce, “Baba, wannan fa?”

Ya ce amininsa ne na Maraɗi, shekara talatin da wani abu yana sauka a gidan, ya rasu bara waccan. Har can ya je ta'aziyya.

“Ya rasu, kuma kana tura masa?”

“Makullin ai na gidansa ne, ba a karɓewa don mutum ya mutu. Babban ɗansa ne ke riƙe da wayar. 'Yan zamani ba sa son magana, sai rubutu.”

Na ce ya kira ɗan ta wata lambar. Aka nemo, aka kira, aka gaisa gaisuwa mai tsawo, ni kuwa kamar in fizge wayar. Da Alhaji ya kawo maganar, sai muka ji ɗan ya ce, “Wayar Baba? Ai tun ranar da ya cika a asibiti ta ɓace, cikin ruɗani ba mu san wanda ya ɗauka ba. Ba mu ma bi ta kan layin ba.”

Alhaji ya ajiye wayar a hankali. Ya jawo saƙonnin yana tura su sama da yatsa. Ashe ba makulli kaɗai yake turawa ba. Akwai barka da salla. Akwai sanarwar haihuwar jikarsa. Akwai wani mai tsawo da ya tura ranar da amininsa ya cika shekara da rasuwa. Ƙarƙashin kowanne, amin, nagode. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, ba da ni yake ba, “Ashe da ɓarawo nake ta hira.” Tausayinsa ya kama ni har na manta da haushin da nake ji.

A ranar ya yarda na sa tsarin lambar waya da ya ƙi a farko. Sauran takwas ɗin kuwa bai bari na taɓa su ba sai da ya kira kowannensu da kansa ya ba shi haƙuri, ya yi masa bayanin cewa daga yau duk mai son takardarsa za a tura masa tasa shi kaɗai, makullin magaze kuma yana nan a hannunsa har abada. Tun daga ranar ba a sake shiga ba. Wanda ke riƙe da wayar mamacin, har yau ban san ko wane ne ba. Na miƙa lambar inda muka kai ƙara, iyakar abin da na sani ke nan.

Washegari da safe Alhaji ya ce in zo mu je. Bai hau mota ba. Da ƙafa ya ratsa Zango, ta gaban masu shayi, ta bakin masallaci, ta layin 'yan canji, don kowa ya ga inda za shi. Muka tarar da abokina a zaure yana gyara wa 'yarsa takalmi. Sati uku kawai, amma ya rame. Alhaji ya ƙi zama a kujerar da aka kawo, ya tsaya a ƙofa inda maƙwabta za su ji, ya ce, “Ɗana, ni na yi ɓarnar da bakina, kai aka kora. Ka yafe min.” Ya zaro makullin magaze daga aljihu ya sa masa a hannu, abin da bai taɓa ba wani ma'aikaci ba. Abokina ya durƙusa yana cewa, “Haba Baba, haba Baba,” hawaye na zuba.

Da Alhaji ya juya, na matsa na ce, “Mutumina, ka yafe ni. Wallahi kaina ne ya ɗaure.”

Ya goge fuskarsa. Babu faɗa a muryarsa, da ma faɗan ya yi. Ya ce, “Na yafe. Amma ka san abin da ya tsaya min? Mutum uku ka ƙirga. Ka cire kanka don ka san kanka. Ka cire Baba don kana jin nauyinsa. Ni kaɗai ne ba ka ji nauyina ba.”

Na sunkuyar da kai na bi bayan Alhaji.

Ya dawo aiki, sunansa ya wanku, yau ma shi ne babba a biro bayan 'ya'yan Alhaji, tunda tsohon ya kwanta dama, Allah ya ji ƙansa. Ni ma ina nan, sashena ya girma, mun zama mu biyu. Yanzu duk kamfanin da aka kira ni in duba musu tsaro, kafin in taɓa kwamfuta sai na zauna da maigidan na sha shayinsa, na tambaye shi su wa yake jin kunyar hanawa. Sukan yi dariya, sannan su fara lissafo min surukai da aminai. A lakwal an koya min yadda ake ƙulla modepas mai wuya, amma ba wanda ya ce min a gida irin namu hana mutum makulli zagi ne, tambayar babba kuma rashin kunya. Tsakanin waɗannan biyun ɓarawo ya samu hanya, abokina kuma ya biya.

Abin da har yau ban gane ba, kuma na juya shi ya fi a ƙirga, shi ne yadda aka yi tambayar dattijo ta fi min nauyi a kan zubar da mutuncin wanda muka tashi tare. Muna gaisawa lafiya lau. Ya zo sunan ɗana, na je na nasa. Ko sau ɗaya bai sake tayar da maganar ba.

Mai shinkafa da waken nan ta tsufa, amma tana nan a ƙofar biro. Tun daga wancan lokacin ta koyi tambaya. In ta hango mu tare takan tsaya da ludayi a hannu ta ce, “Kwano ɗaya ko biyu?”

Ni ba na amsawa. Shi nake jira.